Abubakar Imam: Editan da ya yi wa Turawa aikin yaƙi, ya kuma kai ƙararsu gaban Lugga

Dattawan Gusau da Tsafe da Bungudu da suka yi wayo kafin zuwan talabijin ba sa buƙatar a yi musu bayanin majigi. Mota ce take shigowa gari da la'asar, yara su bi ta da gudu, sankira ya zaga ya yi shela. Bayan sallar isha'i a kafa farin allo a ƙofar gidan hakimi, a tayar da inji, mutum ɗaya ya riƙe lasifika yana bayyana wa jama'a abin da suke gani. Ba a biyan ko anini.

Abin da galibinsu suka fi tunawa shi ne finafinan noman auduga irin su Baban Larai, da na tsafta, da na rangadin Sardauna. Amma lokacin da majigi ya zama babban makami a hannun hukuma ya riga waɗannan, wato shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, wanda Hausawa suka fi sani da yaƙin Hitila.

A waɗannan shekaru Turawan mulkin mallaka suna da baki biyu da suke magana da talakan Arewa. Ɗaya allon majigi, ɗaya kuma jaridar da ake sayarwa kwabo. Mutumin da ya riƙe alƙalamin wannan jarida shi ne Alhaji Abubakar Imam. Yau ɗalibai sun fi saninsa da Magana Jari Ce, alhali shekarun da suka fi nauyi a rayuwarsa ba na tatsuniya ba ne.

Daga Kagara zuwa Zariya

An haife shi a 1911 a Kagara, wadda take cikin Jihar Neja a yanzu. Gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne, don haka da allo ya fara. Wansa Malam Bello Kagara, wanda yake koyarwa a Katsina, shi ne ya zama masa tsani zuwa karatun boko. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi aji a Midil ta Katsina.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Gida ɗaya ya ɗauki biyu cikin biyar. Imam yana da shekara 22.

East ya ga abin da ke cikin wannan yaro. Aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya a 1936, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Yawancin labaran ba shi ya ƙirƙire su ba. Ya ɗebo daga Alfu Laila da sauran littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, ya sa musu babbar riga da hula, ya zaunar da su a fadar sarkin Hausa har mai karatu ya rantse a unguwarsu abin ya faru. Wannan baiwa ta mayar da baƙon labari ɗan gida ita ce Turawa suka buƙata bayan shekara uku, amma ba don nishaɗi ba.

Jita-jitar da ta haifi jarida

Kafin a harba harsashi ko ɗaya, yaƙin ya riga ya iso kasuwannin Arewa ta baki. Jamus tana neman a mayar mata da ƙasashen da aka ƙwace mata a Afirka bayan yaƙin farko, cikinsu har da Kamaru da ke maƙwabtaka. Sai magana ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila don a zauna lafiya. Ba rediyo a hannun talaka, jaridun Legas kuma galibi da Turanci ake buga su. Abin da fatake suka kawo shi ne labari.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya, Imam ne editanta na Hausa. Sunan kansa talla ne: ka ba da kwabo, ka karɓi abin da ya fi shi daraja. A watan Satumba yaƙi ya ɓarke.

Arewa ba 'yar kallo ba ce a wannan yaƙi. Bayan faɗuwar Faransa a 1940, hukumomin Nijar suka bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, haka aka zauna har ƙarshen 1942. Ma'ana, iyakar da ta raba Lardin Sakkwato da Maraɗi da Ƙonni ta zama iyakar da ake yi wa kallon tsoro. Filin jirgin saman Kano ya zama zango a hanyar da ake bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar. Samari daga ƙauyuka suka shiga soja, aka kai su Habasha da Somaliya suka yaƙi Italiya, daga baya aka kwashe su zuwa Indiya da Bama a runduna ta 81 da ta 82 don su fuskanci Japan. Sunayen barikoki irin Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya daga can suka samo asali.

Da Japan ta mamaye Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza da roba da man girki. Idonta ya dawo kan Nijeriya. Garuruwan da ke kan layin dogo irin Gusau suka zama wuraren tara gyaɗa da auduga don yaƙi. Hukuma tana son abu uku daga talaka: ɗansa, amfanin gonarsa, da kuɗinsa na gudummawa. Kafin ya bayar kuwa sai an gamsar da shi, ko a tilasta shi. An yi duka biyun.

Abin da ake haskawa a allo

A ɓangaren majigi, jagoran aikin wani Bature ne mai suna William Sellers, jami'in kiwon lafiya da ya yi aiki a Legas, ya fara amfani da fim wajen yaƙi da annobar da ɓeraye suke yaɗawa. Shi ne ya yi fice wajen ɗora injin haska fim a mota a zaga da shi. A 1939 ya yi wani fim a Arewa mai suna Machi Gaba. A wannan shekarar aka kira shi Landan ya shugabanci sabon sashen shirya finafinai don ƙasashen da Ingila take mulka, ƙarƙashin Ma'aikatar Watsa Labarai.

Finafinan gajeru ne, kuma ba su tsaya a gefe ɗaya ba. Ba wasan kwaikwayo ba ne zalla, ba kuma labarin gaskiya ba ne zalla. Za a ɗauko hoton sojoji na ainihi a fareti ko jirgin yaƙi a teku, a haɗa shi da wani ɗan labari da aka tsara, mutanen gari su fito a matsayin kansu suna yin abin da aka ce su yi. Mr English at Home na 1940 ya nuna yinin wani iyali na Ingila daga tashi barci zuwa kwanciya, don a ga tsafta da tsari irin na masu mulki. An African in London na 1941 ya zaga da baƙon Afirka manyan wuraren birnin. Africa's Fighting Men na 1943 ya nuna sojojin Afirka a bakin aiki. Akwai ma wani mai suna Katsina Tank, kan tankar yaƙin da aka saya da gudummawar mutanen Katsina, don mai ba da kuɗi ya ga inda kuɗinsa ya shiga, na maƙwabta kuma su ji kishi.

Wannan gauraye ba don 'yan Afirka kaɗai aka ƙirƙiro shi ba. A Ingila ma haka ake yi wa mutanen gida. A fim ɗin Target for Tonight na 1941, matuƙan jiragen yaƙi na gaske ne suka fito, amma an rubuta musu abin da za su faɗa. A Fires Were Started na Humphrey Jennings, 'yan kwana-kwana na gaske ne, gobarar kuwa kunna ta aka yi don a ɗauka. Hatta Desert Victory, wanda ya ba da labarin nasarar El Alamein a Masar, wasu hotunansa na harin dare a ɗakin shirya fim na Pinewood aka sake ɗaukarsu. Mai kallo ba shi da hanyar gane inda gaskiya ta tsaya, inda shiri ya fara. Nan ƙarfin abin yake.

Bambancin shi ne yadda aka ɗauki mai kallo. Sellers ya yi imani cewa baƙar fatar da bai yi boko ba ba zai iya bin fim mai saurin canza hoto ba. Ya kafa ƙa'idoji: a riƙa tafiya a hankali, kada kyamara ta yi yawo, kada a tsallake wani mataki, a maimaita darasi. Labarin da aka fi so shi ne na mutum biyu, mai wayo da wawa, ɗaya ya bi shawarar hukuma ya ci riba, ɗaya ya ƙi ya sha wuya. A yi wa mutanen da suka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, suke warware karin magana mai hawa uku, irin wannan karatu na 'yan aji ɗaya, ai raini ne ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Abin da ya ceci majigi shi ne mai lasifika. Yawancin finafinan ba su da maganar da ɗan ƙauye zai ji, don haka mai sharhi ne yake zuba musu Hausa, ya sa barkwanci, ya ƙara gishiri. Abin da aka shirya a Landan da abin da aka ji a ƙofar gidan hakimi ba lallai su zama ɗaya ba.

Abin da ake karantawa a zaure

Imam aiki iri ɗaya aka ba shi, kuma bai ɓoye cewa yana goyon bayan Ingila a kan Jamus ba. Jaridarsa ta gwamnati ce, Bature ne a samansa, akwai iyakar da ba zai tsallaka ba. Ta kawo labarin fagen fama yadda hukuma take so a ji shi, ta ƙarfafa shiga soja da ba da gudummawa. A 1941 aka ƙara da 'Yar Gaskiya da rubutun ajami saboda ɗimbin malaman da ba sa karanta boko, aka kuma fito da wata takarda mai suna Suda wadda kusan dukkanta labarin yaƙi ce. Wanda ya kira wannan farfaganda bai yi ƙarya ba.

Sai dai Imam bai ɗauki mai karatunsa a matsayin yaro ba. Ya rubuta masa Hausar da yake ji a kasuwa da fada, da karin magana da zolaya, irin wadda mutum ɗaya zai karanta da ƙarfi a zaure goma su saurara. Da yawa daga kalmomin da aka buƙata don bayyana jirgin ƙarƙashin teku ko majalisar dokoki ga wanda bai taɓa ganinsu ba, a irin wannan teburi aka sassaƙa su. Ƙa'idojin rubutun boko da muke bi yau, har da haruffa masu lanƙwasa, jaridar ta taimaka ƙwarai wajen zaunar da su.

Sannan jarida tana da ƙofar da majigi ba shi da ita: ana iya mayar mata da amsa. Ba wanda zai tashi ya yi wa allo gardama, gobe da safe mota ta wuce gari na gaba. Amma malamin makaranta a Bauchi ko akawun En'e a Sakkwato yana iya ɗaukar alƙalami ya rubuta wa edita. Shafin wasiƙu ya zama wuri na farko da 'yan bokon Arewa, waɗanda suke warwatse a larduna, suka fara jin muryar juna. Turawa sun buɗe ƙofar don su shigo da saƙonsu, sai ga koke-koke suna fita ta cikinta.

Koke kuwa akwai shi. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, cikin sanyin da ba su saba da shi ba da ƙarancin abinci, da yawa ba su dawo ba. Kaya sun yi tsada, gishiri da kananzir da yadi sun yi wuya. Ba irin labarin da ake ɗorawa a allon majigi ba ne. Editan da wasiƙun jama'a suke bi ta hannunsa kuwa ba zai ce bai san halin da ake ciki ba.

Tafiyar 1943

A 1943 aka gayyaci editoci takwas daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya su je Ingila su ga yadda take jure yaƙi, su dawo su ba da labari. Ita ma tafiyar farfaganda ce, tamkar An African in London amma da mutane na gaske. Imam ne kaɗai ɗan Arewa a cikinsu, yana da shekara 32. Sun bi teku a lokacin da jiragen Jamus suke nutsar da jirage a wannan hanya.

A cikin tawagar akwai Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot. Shi bai je yawon buɗe ido ba. Ya shirya takarda zuwa ga Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, yana kafa hujja da Yarjejeniyar Atlantika da Churchill da Roosevelt suka sanar a 1941, wadda ta ce kowace al'umma tana da 'yancin zaɓen irin gwamnatin da za ta mulke ta. Takardar ta nemi a sa wa'adi na shekara 15 a kai ga cikakken mulkin kai.

Imam ya ƙi sa hannu.

Wannan ƙin ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Jaridun Kudu da masu zafin ra'ayi na Arewa sun ɗauke shi ɗan koren Turawa. Hujjarsa ita ce ba wanda ya aiko shi da wannan magana daga Arewa, kuma yankin da 'yan bokonsa ba su taka kara sun karya ba, in aka ba da mulki a lokacin, canjin ubangida kawai zai yi. Da ya yi jawabi ga ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a Landan, ya faɗa musu a fili cewa Kudu da Arewa raina juna suke yi, kowa yana ganin ɗan'uwansa jahili, ɗaya yana taƙama da ilmin Yamma, ɗaya da na Gabas. Ana iya saɓa masa a kan matsayin da ya ɗauka. Abin da ya hango kuwa shi ne ya dabaibaye siyasar Nijeriya shekara 20 masu zuwa.

Masu kiransa ɗan kore sukan tsallake abin da ya yi a wannan tafiyar. Ya je ya gana da Lugga, wanda ya ci Arewa da yaƙi a 1903 ya kafa mulki ta hannun sarakuna, a lokacin tsoho ne da ya haura shekara 80. Imam ya zayyana masa yadda tsarin nasa ya lalace: jami'an Turawa ba sa jin kowa sai sarki, talaka ba shi da inda zai kai kuka in an zalunce shi, ma'aikatan En'e suna tatsar jama'a, samarin da aka ilmantar kuma an ajiye su gefe, in sun yi magana a ce ba su da kunya. Ya kuma rubuta waɗannan abubuwa a takarda, suka isa hannun manyan jami'ai har da sabon Gwamnan Nijeriya, Sir Arthur Richards. A zamanin da sukar hakimi kan iya raba mutum da aikinsa, ma'aikacin gwamnati ya kai ƙarar tsarin gaba ɗaya wurin wanda ya gina shi.

Da ya dawo ya rubuta labarin tafiyar a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Lugga ya mutu a 1945, shekarar da yaƙi ya ƙare, kuma shekarar da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. Sojoji suka dawo daga Bama da idon da ya ga Bature yana gudu yana kuka kamar kowa. Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙarsa Maraba da Soja.

Bayan yaƙi

Muhawarar da aka fara a shafin wasiƙu ba ta tsaya a takarda ba. Imam yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta rikiɗe ta zama NPC. Su Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka ga tafiyarsa ta yi sanyi, suka kama wata hanya. Shi gyara yake so a yi wa sarauta, su kuwa sun gaji da jiran gyara.

Bayan kimanin shekara 12 a kujerar edita, ya shiga majalisa a zaɓen 1951. A Majalisar Wakilai ta Legas ne ya kawo ƙudurin a buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda, a 1953. Siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Ya koma harkar littattafai a hukumar NORLA, sannan ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daidai lokacin da ake fafutukar cike kujerun gwamnati da 'yan Arewa, wato matsalar da ya kai wa Lugga. Ya ci gaba da rubutu, musamman kan tarihin Musulunci.

Majigi ma bai mutu da yaƙi ba. An rufe sashen su Sellers a 1955, amma gwamnatin Jihar Arewa ta gaji motocin da salon, ta ci gaba da haɗa wasa da hoton gaskiya don koyar da noma da tsafta da tallata shugabanni. A wannan makaranta Adamu Halilu ya koyi aiki, shi ne kuma ya mayar da Shaihu Umar fim a 1976.

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tace. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta rayu bayansa a ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, har ta durƙushe tare da kamfanin. Finafinan majigi na zamanin yaƙi kuwa, waɗanda suka tsira suna ajiye a Cibiyar Finafinai ta Birtaniya da Gidan Tarihin Yaƙi da ke Landan, an kuma ɗora wasunsu a intanet, inda mai waya zai iya kallonsu, sai dai babu mai lasifika.